Daga Allurar Graham zuwa Kogin Lantarkin da ke Bisa Zariya

A shekarar 1722 wani maƙerin agogo a birnin Landan, George Graham, ya lura da abin da matuƙan jiragen ruwa suka daɗe suna kallo ba su gani ba: allurar kamfas ba ta tsayawa cik. Graham mutum ne da sana'arsa ta koya masa auna abin da ido ke rainawa. Ya ƙera dogayen allurai, ya kafa musu ido dare da rana, sai ya tarar kullum allurar takan fara karkata da hantsi, ta kai iyakarta wajen azahar, sannan ta komo da yamma. Karkatar 'yar mitsitsiya ce, ba ta cika kai rabin digiri ba, amma ba ta fashi. Akwai wani abu mai tafiya da rana da ke taɓa maganaɗisun duniya, kuma ba wanda ya san ko daga ƙarƙashin ƙasa yake ko daga sama.

A 1741, a garin Uppsala na ƙasar Suwidin, Anders Celsius, wanda ma'aunin zafi ke ɗauke da sunansa, da abokin aikinsa Olof Hiorter suka ƙaro wani abu. Duk daren da hasken nan kore da ja ya tashi a samaniyar ƙasashen arewa mai nisa, allurarsu takan rikice. Suka yi musayar wasiƙa da Graham, aka gwama abin da kowa ya rubuta, aka tarar ranar da allurar Uppsala ta haukace, ta Landan ma ta haukace. Ruwa ba ya tsami banza. Haske a sama, rawar allura a ƙasa, a garuruwa biyu masu nisa, a lokaci guda: alama ta nuna sama. A 1839 babban masanin lissafi na Jamus, Carl Friedrich Gauss, ya nuna cewa ainihin maganaɗisun duniya daga cikinta yake fitowa, amma ya bar ƙofa a buɗe cewa ƙananan sauye-sauyen nan mai yiwuwa wata wutar lantarki ce da ke gudana can bisa ke haddasa su.

Wanda ya fara faɗar amsar da ta tabbata ɗan Sikotlan ne, Balfour Stewart, wanda ya shugabanci cibiyar bincike ta Kew kafin ya koma koyarwa a Manchester. A 1882, cikin dogon bayanin da ya rubuta wa kundin Encyclopaedia Britannica kan maganaɗisun duniya, ya ce rana ce ke dumama iskar can ƙololuwa har ta motsa, kuma in har iskar nan na iya ɗaukar lantarki, to gilmawarta ta cikin maganaɗisun duniya za ta haifar da wuta, bisa ƙa'idar da janareta ke aiki da ita. Wutar da ta samu kuwa tana da nata maganaɗisun, shi ne ke taɓa allurar da ke ƙasa.

Sai an tuna zamanin da aka yi maganar ake ganin girmanta. Iskar da kowa ya sani ba ta ɗaukar lantarki, shi ya sa ake iya miƙa wayar tangaraho tsirara a kan turaku. Ƙwayar ilektiron, wadda ita ce ke ɗaukar wutar, ba a gano ta ba sai 1897, shekara goma bayan rasuwar Stewart. A lokacin babu balan-balan ɗin da ya taɓa kai ko kwatan tsayin da maganar ta shafa. Ɗalibinsa Arthur Schuster ya zauna da alƙaluman cibiyoyi daban-daban, ya nuna a 1889 cewa mafi yawan karkatar allurar daga sama take zuwa, a 1908 kuma ya faɗaɗa lissafin. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, tun a tashin farko Stewart ya haɗa abu biyun wuri ɗaya, iska mai motsi da lantarkin da take turawa. Waɗanda suka biyo baya ne suka raba su, suka rungumi ɗaya suka yi watsi da ɗaya, kuma sai da aka kusa shekara tamanin kafin a maida su tare yadda ya kamata.

Zuwan rediyo ne ya raba su. Ranar 12 ga Disamba 1901, a kan wani tudu a St John's ta Newfoundland, Guglielmo Marconi ya ce ya ji ɗigo uku na harafin S da aka aiko daga Poldhu a kudu maso yammacin Ingila, nisan sama da kilomita 3,000. Har gobe akwai masu tababar ko saƙon ya ji ko ƙarar tsawa mai nisa. Amma watanni kaɗan bayan haka, gwajin da ya yi a cikin jirgin ruwa ya kashe gardamar nisa, ya kuma fito da wata sabuwa: da dare saƙo na kaiwa ninki biyu ko fiye na inda yake kaiwa da rana. Duniya a dunƙule take, igiyar rediyo kuwa miƙe take tafiya. Me ya lanƙwaso ta? A 1902 mutum biyu da ba su yi shawara da juna ba, Arthur Kennelly a Amurka da Oliver Heaviside a Ingila, suka ce akwai wata shimfiɗa a sama mai ɗaukar lantarki da ke maido da igiyar ƙasa.

Shekara ashirin da biyu maganar na yawo ba shaida. A Disamba 1924 Edward Appleton da ɗalibinsa Miles Barnett, ɗan New Zealand, suka roƙi BBC ta ara musu tasharta ta Bournemouth bayan an rufe shirye-shiryen dare. Suna zaune a Oxford suna saurare, ana sauya tsawon zangon tashar a hankali. Igiya ɗaya ta biyo ƙasa, ɗaya ta je sama ta dawo, to inda suka dace sauti ya ƙaru, inda suka saɓa ya ragu. Daga yawan hawa da saukar sautin suka fitar da tsayin inda igiyar ke juyowa: kimanin kilomita 100. Appleton ya kira ta shimfiɗar E, da ya gano wata a bisanta ya ce F, ta ƙarƙashi kuma D. A Washington, Gregory Breit da Merle Tuve suka fito da dabarar da ta fi sauƙi: a harba gajeren saƙo sama, a auna lokacin da amsa-kuwwarsa ke ɗauka ta dawo. Daga wannan dabara aka sami na'urar auna sama da ta bazu a duniya, kuma ita ce kakar radar. Robert Watson-Watt ya raɗa wa yankin gaba ɗaya suna ayonosfiya a 1926. Appleton ya karɓi kyautar Nobel a 1947.

A 1931 Sydney Chapman ya bayyana dalilin da ya sa abin ke zama shimfiɗa. Rana, ban da hasken da muke gani, tana fitar da wani haske mai kaifi da ba ya isowa ƙasa. Idan ya bugi ƙwayar oksijin ko naitirojin, sai ya fizge mata ilektiron ɗaya. Ilektiron ɗin ya tafi da cajin negetif, ragowar ƙwayar, wadda ake kira ayon, ta zauna da cajin fositif. Can sama sosai hasken na da yawa amma iskar da zai buga ta yi kaɗan. Ƙasa-ƙasa kuma iska ta yi yawa amma hasken ya riga ya ƙare. A tsakani ne ƙwayoyi masu caji suka fi taruwa.

To amma nawa ne su? A nan ne labarin yake. A tsayin kilomita 100, da rana tsaka, cikin ƙwayoyin iska kusan miliyan ɗari ɗaya ce tak ke da caji. A kilomita 300, inda shimfiɗar F ta fi kauri, ɗaya ce cikin dubu. Duk sauran iska ce zalla marar caji. Ke nan abin da ake kira ayonosfiya 'yan tsiraru ne a tsakiyar taron da ya ninka su ba adadi. Sai dai na'urar da masana ke da ita ilektiron kawai take gani. Igiyar rediyo ba ruwanta da ƙwaya marar caji, ratsa ta take yi ta wuce. Don haka tashoshi suka yi ta tara alƙaluman tsirarun, sa'a bayan sa'a, shekara bayan shekara, masu rinjayen kuwa sai dai a yi hasashensu. Ba laifin kowa ba ne, amma kayan aiki sun zaɓa wa ilimi tambayar da zai yi.

Duk da haka iskar ba ta yarda an manta da ita ba, kuma ta kunnen masu sauraron rediyo ta fara shigar da ƙara. Duk wanda ya girma da akwatin rediyo a ƙasar Hausa ya san cewa da rana matsakaicin zango ba ya kawo sai tashoshin kusa, da dare kuwa sai ka ji harsunan da ba ka san ƙasarsu ba suna cunkoso a kan allura. Ya kuma san cewa gidajen rediyon ƙetare, irin Sashen Hausa na BBC da ya fara a 1957, sukan sanar da mita dabam don shirin rana, su 16 da 19, da wasu dabam don na asuba da dare, su 41 da 49. Dalilin yana shimfiɗar D, tsakanin kilomita 60 zuwa 90. Igiyar rediyo tana girgiza ilektiron. In an bar shi, zai maido da ƙarfin da ya karɓa. Amma a wannan tsayi iska na da kauri, ilektiron na cin karo da ƙwayoyi marasa caji sau miliyoyi cikin daƙiƙa guda, kowane karo kuma yana maida ƙarfin igiyar ya zama zafi. Muryar mai karanta labarai takan ƙare ne wajen ɗumama iska. Rana na faɗuwa, shimfiɗar D ta watse cikin ɗan lokaci, hanya ta buɗe.

A 1933 wani injiniya a Holan, Bernard Tellegen, yana sauraren tashar Beromünster ta Suwizalan sai ya riƙa jin shirin babbar tashar Luxembourg a ƙarƙashinsa, alhali zangonsu ba ɗaya ba ne, kuma rediyonsa lafiya lau. Shekara guda bayan haka Victor Bailey da David Martyn a Ostareliya suka warware: Luxembourg na tsakanin tashar da mai sauraro, ƙarfinta kuma ya isa ya zafafa ƙwayoyin ilektiron da ke bisanta. Idan kiɗanta ya yi ƙarfi, karonsu da iska ya ƙaru, su ƙara shanye igiyar Suwizalan da ke wucewa. Idan ya sassauta, su sassauta. Ɗan'adam ya taɓa ayonosfiya da hannunsa ba da niyya ba.

Sai kuma tambayar inda cajin ke tafiya da dare. A lissafi, kafin ayon na oksijin ya sake kama ilektiron kai tsaye, sai a daɗe ƙwarai, ya kamata shimfiɗun su kwana su wuni ba su ragu ba. David Bates na Belfast da Harrie Massey ɗan Ostareliya suka kawo amsar a 1947, kuma amsar ta bi ta kan iska marar caji. Ayon ɗin oksijin yakan fara cin karo da tagwayen ƙwayar naitirojin ko ta oksijin, a yi musayar caji, a sami ayon mai ƙwaya biyu. Shi wannan da ya haɗu da ilektiron, nan take yake tsagewa biyu, cajin ya mutu. Wato yawan ilektiron da rediyo ke gani ya dogara ne da irin iskar da ke wurin: oksijin tilo ce ke haifar da su, tagwayen naitirojin ke cinye su.

Ta ɓangaren maganaɗisu kuma, wani abin mamaki na jira a ƙasar Peru. A 1922 Cibiyar Carnegie ta Washington ta buɗe wurin auna maganaɗisu a Huancayo, can kan duwatsun Andes. Alƙaluman da suka fito daga can sun nuna hawa da saukar maganaɗisu ta kullum ta ninka ta sauran wurare fiye da sau biyu. Da aka auna a wasu wurare a Afirka da Indiya aka ga haka, aka fahimci cewa duk wuraren suna kan layi ɗaya: layin da allurar da aka rataya a tsakiyarta ke kwanciya daidai wa daida, ba ta sunkuya arewa ko kudu, wato ikwaitar maganaɗisu. A 1951 Chapman ya bayyana abin a matsayin siririn kogin lantarki da ke kwarara gabas da rana bisa wannan layi, a tsayin kilomita 105 zuwa 110, faɗinsa kimanin kilomita 600.

Fahimtar dalilinsa na buƙatar a ɗan zauna, don nan ne zuciyar maganar. Ƙwaya mai caji ba ta da 'yancin ƙwaya marar caji. Maganaɗisun duniya na riƙe ta, tana kewaya layinsa kamar akuya a turke. Za ta iya zamewa tare da layin, amma tsallake shi sai an ture ta. Iska marar caji kuwa garke ne da ke wucewa ba igiya a wuyansa. Tambayar ita ce, wanne ya fi yawa: kewayen da ƙwayar ke yi wa turkenta, ko turin da take sha daga garken? Ƙasa da kilomita 70 turin ya fi yawa ga kowa, ilektiron da ayon duk iska ke tafiya da su tare, ba a samun wuta. Sama da kilomita 130 ko makamancin haka iska ta yi shara-shara, maganaɗisu ke riƙe da duka biyun. Amma a tsakani akwai wani tsiri inda ilektiron, mai sauƙi da saurin juyi, yake hannun maganaɗisu, shi kuwa ayon, mai nauyin da ya ninka nasa sau dubbai, yake hannun iska. Iska ta kaɗa, ta kwashi ayon ta bar ilektiron. Rabuwar caji biyun nan ita ce wutar da Stewart ya hango. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a wannan tsirin kaɗai hukuncin ya faɗa kan ɗaya ya bar ɗaya.

A kan ikwaitar maganaɗisu layukan a kwance suke, daga kudu zuwa arewa. Da rana, wutar da iska ta haifar a faɗin duniya tana kafa wani matsin lantarki mai fuskantar gabas. Haɗuwarsa da layukan kwance na tura ƙwayoyin ilektiron sama, ƙwayoyin ayon kuwa iska ta riƙe su ba su bi ba. Sai negetif ya taru a saman tsirin, fositif a ƙasansa, wani sabon matsi ya tashi a tsaye wanda ya ninka na farkon sau da yawa. Shi kuma wannan ya kori ƙwayoyin ilektiron yamma da gudun ɗaruruwan mita a daƙiƙa, abin da ke nufin wuta mai ƙarfi na gudana gabas. Thomas Cowling a Ingila, Motokazu Hirono a Japan, da Baker da Martyn a Ostareliya su ne suka daidaita wannan lissafi zuwa farkon shekarun 1950.

Ikwaitar maganaɗisu ba ta bin ikwaitar taswira. A Kudancin Amurka ta gangara kudu, a Afirka kuwa ta hau arewa, ta ratsa arewacin Najeriya wajejen digiri 10, ta wuce Chadi da Habasha, ta bi ta ƙarshen kudancin Indiya. Ke nan duk ranar Allah, daga hantsi zuwa la'asar, kogin nan na wucewa bisa Kaduna da Zariya da Jos da Bauchi. Wannan ne ya sa Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta zama wuri mai muhimmanci a fannin tun shekarun 1950. Cyril Onwumechili, wanda daga baya ya zama shugaban Jami'ar Ife, ya fara da aune-aunen maganaɗisu a Najeriya, ya shafe rayuwarsa a kan wannan kogi, ya rubuta littafi sukutum a kansa a 1997. A ƙarshen shekarun 1960 an jera na'urori daga Chadi zuwa Afirka ta Tsakiya, a farkon shekarun 1990 kuma aka sake jera wasu daga gaɓar tekun Kwaddibuwa har Tambutu. Indiya ma saboda wannan kogi ta kafa filin harba roka na farko a ƙauyen masunta na Thumba, inda roka ta farko ta tashi ranar 21 ga Nuwamba 1963 ƙarƙashin jagorancin Vikram Sarabhai. Shirin sararin samaniyar Indiya na yau daga nan ya tsiro.

Matsin lantarkin nan na gabas bai tsaya a tsirin ba. Yana bin layukan maganaɗisu ya hau shimfiɗar F, ya ɗaga ilektiron da ayon tare, ɗaruruwan kilomita, daga nan su zame bisa layukan zuwa arewa da kudu. Shi ya sa caji bai fi yawa a kan ikwaitar maganaɗisu ba, inda hankali zai zata, sai a tudu biyu kimanin digiri 15 kowane gefe, abin da Appleton ya bayyana a 1946, masanan Japan kuma sun riga shi hangowa. A wajenmu tudu ɗaya na bisa tsakiyar Sahara, ɗayan na kudu da Tekun Gini, arewacin Najeriya na cikin kwarin.

Iskar kanta ba a soma auna ta sosai ba sai zamanin roka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Amurkawa sun riƙa harba rokokin V-2 da suka kwaso daga Jamus a hamadar White Sands, ɗauke da na'urori. Daga baya aka koyi fesa tururin sodiyam daga roka da magariba, a ɗauki hoton yadda iska ke murɗa shi. Amma babban malamin Sputnik ne, wanda Tarayyar Sobiyet ta harba ranar 4 ga Oktoba 1957, da taurarin ɗan'adam da suka biyo shi. Kowannensu na gogar 'yar iskar da ta rage a can yana sauka sannu a hankali, daga saurin saukar kuma ake gane kaurin iskar. Luigi Jacchia a Amurka ya nuna cewa iskar na kumbura da rana ta sace da dare, tana kumbura idan rana ta yi fushi, kuma zafinta a can kan haura digiri 1,000. A 1958 William Gordon na Jami'ar Cornell ya ce radar mai ƙarfin gaske za ta iya jin raɗar ƙwayoyin ilektiron ɗaya-ɗaya; daga shawararsa aka gina Jicamarca kusa da Lima a farkon shekarun 1960, da faifan Arecibo mai faɗin mita 305 a Puerto Rico a 1963, wanda ya rushe a Disamba 2020. Waɗannan na'urori sun ba da zafi da gudun ƙwayoyin, daga gare su kuma ake ciro halin iskar da ke tura su.

Abin da ya bayyana a shekarun 1960 shi ne turin ba ɓangare ɗaya yake bi ba. A shimfiɗar F iska na kaɗawa daga ɓangaren rana mai zafi zuwa na dare, amma ba da saurin da lissafi ya bayar ba. Ƙwayoyin ayon, duk ƙarancinsu, suna daure da maganaɗisu ba sa matsawa, iskar da ke ratsa su na gogar su tana rage gudu. Ɗaya cikin dubu na taka wa dubun birki. Kohl da King sun fitar da lissafin wannan a 1967, suka kuma nuna cewa iskar dare mai nufar ikwaita na tura ƙwayoyin sama bisa layukan maganaɗisu, zuwa inda naitirojin mai cinye su ta yi ƙaranci. Wannan na cikin dalilan da shimfiɗar F ke kwana da rai har gajeren zango ya yi aiki da dare. Henry Rishbeth ya ƙara a 1971 cewa bayan faɗuwar rana iskar shimfiɗar F na kunna nata janaretan.

A kusa da ƙuryar arewa da ta kudu ta duniya kuwa abin juyawa yake yi. Idan guguwar rana ta iso, matsin lantarki daga sararin samaniya na korar ƙwayoyin ayon da gudun kilomita ɗaya ko fiye a daƙiƙa, su ne kuma ke jan iska, gogayyar na zafafa ta. Iskar ta kumbura, naitirojin ta taso sama ta cinye caji, gajeren zango ya mutu na kwana ɗaya ko biyu, taurarin ɗan'adam su tsinci kansu cikin iska mai kauri. Tashar Skylab ta Amurka ta faɗo ranar 11 ga Yuli 1979, tarkacenta ya watsu a yammacin Ostareliya, tun kafin lokacin da aka tsara, saboda rana ta yi zafin da ba a zata ba. A Fabrairu 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49 cikin wata guguwa da ba ta ma kai a kira ta babba ba, 38 suka dawo suka ƙone.

Mu namu rabon da magariba yake zuwa. Rana na faɗuwa, matsin gabas kan yi wani tashi na ɗan lokaci ya cilla shimfiɗar F sama, ƙasanta kuma ya riga ya zama fayau. Mai kauri a bisa marar kauri ba ya zama lafiya: sai kumfa marasa caji su ɓallo daga ƙasa su huda shimfiɗar, su hau ɗaruruwan kilomita. Booker da Wells sun ga alamarsu a Huancayo a 1938, Woodman da La Hoz suka zana siffarsu da radar ɗin Jicamarca a 1976. Saƙon GPS da ya ratsa su yakan yi rawa, wani lokaci ya yanke. Matsala ce ta gaske ga jiragen sama da masu safiyo a Afirka ta Yamma, kuma har yanzu hasashen daren da kumfan za su tashi da daren da ba za su tashi ba na ba masana wuya, domin amsar na cikin iskar da ba a auna ba.

Babi na baya-bayan nan ya juyo da kallo ƙasa. Tun 1960 Colin Hines ɗan Kanada ya ce raƙuman da ake gani suna ratsa ayonosfiya raƙuman iska ne da suka taso daga ƙasa, suna girma yayin da suke hawa cikin iska mai sirancewa. A 2006 Thomas Immel da abokan aikinsa, da hotunan tauraron IMAGE na hukumar NASA, suka nuna cewa tudun nan biyu na caji suna da kumburi huɗu kewaye da duniya, kuma tushensu zafin da hadari ke saki bisa dazuzzukan Afirka da Amazon da kudu maso gabashin Asiya. Ruwan da ake yi a Kwango na da hannu a yawan ilektiron da ke kilomita 300 sama. Ranar 15 ga Janairu 2022 dutsen Hunga Tonga ya fashe a tekun Pasifik. Tauraron ICON na NASA ya auna iska mai gudun kusan kilomita 700 a sa'a a ƙasan ayonosfiya, taurarin Swarm na Turai kuma suka ga kogin lantarkin ikwaita ya ƙaru sosai, sannan ya juya yamma na wani lokaci.

ICON ya daina magana a Nuwamba na shekarar. Tsirin da Stewart ya yi magana a kai ya fi ƙarfin balan-balan, ya kuma yi ƙasa da inda tauraron ɗan'adam zai iya zama, roka kuwa mintoci kaɗan take yi a ciki. Daga ƙasa, hanyar da ta fi kai tsaye ta auna iskar shimfiɗar F ita ce kallon wani ɗan jan haske da oksijin ke fitarwa da dare a wajen kilomita 250, lokacin da ayon ya haɗu da ilektiron ya tsage. Daga ɗan sauyin launinsa ake gane gudun iskar da inda ta nufa. A shekarun 2010 an kafa irin waɗannan na'urori a Oukaimeden ta Maroko, da Bahir Dar ta Habasha, da Abuja. Da dare kawai suke aiki, kuma sai sama ta yi garau, ga shi a Abuja gajimaren damina na rufe watanni, hazon hunturu ya karɓi wasu.